Tiren da Ke Komawa a Cike

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, na samu aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke Tarauni. Ban daɗe da gama karatu ba, kaina cike da waƙoƙin da na haddace da waɗanda nake fatan rubutawa. Na iso Kano da farkon damina, hotunan 'yan takara suna nan manne a jikin bango, ruwa ya soma wanke musu fuska. Kowa a gari maganar sabon zamani yake yi. Ni kuwa burina ƙarami ne: in ga birni, in ci abincinsa, in kalli wasan kwaikwayo a kan dandamali, irin wanda a makaranta sai dai mu karanta a takarda.

Mahaifiyata ba ta yarda in zo ba sai da yayanta ya ce a gidansa zan zauna, a Gyaɗi-Gyaɗi. Gida ne mai faɗi da ya yi wa mutanensa yawa. 'Ya'yan duk sun tashi, matan sun yi aure, mazan suna wasu garuruwa. Saura kawuna da matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya. Kawu a ƙofar gida yake cin abinci, shi da maƙwabtansa a kan tabarma, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa, ana ci ana gardamar ko farar hula za su iya.

Ranar da na sauka, Hajiya ta karɓe ni kamar wata babbar baƙuwa. Ta buɗe mini ɗakin autarta, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta sa turaren wuta. Da aka yi magariba ta yi sallama da tire a hannu: shinkafa da miya a kwanon tangaran, nama a gefe, kofin gilashi, cokali an naɗe shi a ƙyalle. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ga ɗan abinci nan, Malama. A ci lafiya." Ta fita, ta ja mini ƙofa a hankali.

Na san abin da ta yi daidai ne. Haka ake yi wa baƙo, a kawo masa abinci a ba shi wuri, kada kunya ta hana shi ƙoshi. Na ɗauka na kwana biyu ne. Sai kwana biyu suka wuce, mako ya wuce, tire bai fasa zuwa ba, ƙofa ba ta fasa rufuwa ba.

To ni a rayuwata ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A gidanmu faranti ɗaya ne, babba, furannin tsakiyarsa sun goge don tsufa. Mu zagaye shi, mahaifiyata da ni da ƙannena, ana ci ana faɗa, wannan ta ce waccan ta haƙo rami ta gefenta, waccan ta rantse an ɗauke mata tsoka. Mahaifiyata ba ta shiga rigimar, sai dai ki ga yatsanta ya turo nama gaban wadda ta fi yin shiru. A makarantar kwana ma da jami'a, tukunya ɗaya muke zagayewa da 'yan ɗakinmu. Ban san cewa wannan hayaniyar ita ce take buɗe mini ciki ba sai da na rasa ta. A ɗakin nan mai ƙamshin turare ina jin ƙarar cokalina a jikin tangaran, ina jin taunata a cikin kunnena. In yi 'yan lomomi, in kasa ci gaba. In mayar da murfi, in kai tiren bakin madafi, in ce, "An gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri."

Takan ɗaga murfin ta duba. Washegari sai abincin ya canja. Ta bar shinkafa ta koma taliya. Ta bar taliya ta yi dankalin turawa da ƙwai. Wata rana har salak ta haɗa mini, irin wanda na tabbata sai da ta tambayi wani yadda ake yi.

"Ko yaji ya yi yawa, Malama?"

"A'a wallahi, Hajiya, ya yi daɗi ƙwarai."

"To ai ba ki ci ba."

"Na ci, cikina ne ƙarami."

"Haka ne. Ku 'yan boko da tsaron jiki."

Ta yi murmushi, na yi murmushi. Sau da yawa maganar ta zo bakina, in ce mata, don Allah ki bar ni in fito tsakar gida. Amma ina tunanin wace ce ni da zan ce wa matar kawuna ta ci abinci da ni? Wataƙila ba ta son a takura mata. Wataƙila a birni haka ake yi, kowa da kwanonsa da ɗakinsa, ni ce baƙauya. Sai in haɗiye.

Ranar Asabar ita ce tawa. Kawu ya yarda in riƙa fita, in dai zan dawo kafin magariba. In sa mayafina, in tari motar haya a bakin titi, in shiga cikin gari. Na hau Dutsen Dala ina haki, na tsaya a sama ina kallon rufin gidaje har inda ido ya ƙare, hadari yana haɗuwa daga gabas, shirwa tana shawagi a ƙasa da ni. Na juya in ce wa wani, "Dubi can!" Babu wanda na sani. Wasu samari ne kawai suna ɗaukar hoto, sai na mayar da hannuna cikin mayafi kamar dama gyara shi zan yi. Na je marina na ga yadda zane ke shiga rami fari ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idona. Na ɓata a lungunan kasuwar Kurmi da gangan, ina shaƙar kanumfari da fata da turare. Gidan zoo kuwa, da yake kusa da mu ne, na mayar da shi kamar gidan dangi. Akwai wata jimina da nake tsayawa a gabanta ina ba ta labarin ɗalibaina a zuciya. Ita ce ƙawata ta farko a Kano, kuma ban ga alamar ta san da haka ba.

Abin mamaki, a waje ina iya cin abinci. Akwai wata mai ɗan wake a bayan kasuwar Tarauni da ta kafa wa mata benci a bayan labulen buhu. In na zauna a nan, kafaɗata tana gugar ta wata, ana hira a kaina game da tsadar gawayi da bikin da za a yi, sai in cinye kwano in nemi ƙari. Na ci gurasa bandashe a cikin birni, mai da ƙuli suna bin yatsuna. Na sha fura a Unguwa Uku a gefen matafiya masu jiran mota ta cika. Na ci gasasshiyar masara a ƙarƙashin rumfar wani shago, mu da yawa muna jiran ruwa ya ɗauke. Duk wadda ta zauna kusa da ni sai na tura kwanona na ce, "Bismillah." Kowacce ta ba ni amsar da ta dace: "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Su a wurinsu gaisuwa ce. Ni kuwa da gaske nake yi, kuma babu yadda za a yi su sani.

Daga nan sai wasan kwaikwayo. Wata ƙungiya ce ta ma'aikata da ɗalibai, suna yin wasa duk Asabar bayan la'asar a wani zauren taro mai kujerun ƙarfe, mata a hagu, maza a dama. Labulensu zannuwan gado ne aka ɗinke. Da yake an daina tsoron a zo a kwashe mutum, sun samu baki: a fito da mai kaki yana cire hula yana gwada babbar riga, ta harɗe shi ya faɗi, zaure ya ɗauki ihu. 'Yan kallo ba sa yin shiru irin yadda aka koya mana a aji. Ana gargaɗin ɗan wasa cewa ga mai binsa bashi nan a bayansa, ana zagin munafuki tun kafin ya buɗe baki. Ni lokacin da na fi so shi ne gab da a ja labule, sa'ad da ƙafafuwa ke kai da komo a ƙarƙashinsa, kowa a zauren yana jiran abu ɗaya. A wannan ɗan lokacin ina jin ni ma da ni ake jira. In an tashi kuwa, kowa ya kama hannun nasa, ni in tari mota in koma wurin tirena.

Haka damina ta wuce. Na rame, har ɗalibaina suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Wata ranar Laraba, bayan na dawo daga makaranta, Kawu ya kira ni falonsa. Mutum ne mai sanyin magana, ya daɗe yana gyara zaman tabaransa kafin ya fara.

"'Yar nan, wata maƙwabciya ta shigo jiya. Ta ce ta gan ki a kasuwar Tarauni kina cin ɗan wake, har da suɗe hannu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ba laifi ba ne," in ji shi. "Amma a gaban Hajiya ta faɗa, tana dariya. Hajiya ba ta ce komai ba sai da dare ya yi. Ta ce ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta, girkinta bai karɓe ki ba, kuma tana tsoron ranar da uwarki za ta gan ki a haka ta ce an bar mata 'ya da yunwa a gidan ɗan'uwanta. Na yi magana da shugabar makarantarku. Akwai ɗaki a gidan malamai mata, ƙarshen wata za ki iya komawa, ki riƙa dafa abin da ranki ke so. In kuma uwarki ba ta yarda da wannan ba, to sai dai gida."

Na san mahaifiyata ba za ta yarda ba. Na kuma san in na bar gidan nan a kan maganar abinci, abin zai zauna tsakaninta da matar yayanta har abada, ana gaisawa a biki ana tunawa. Duk wannan yana raina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Kawu."

Tun daga ranar Hajiya ta daina tambayata ko yaji ya yi yawa. Ta ajiye tire, ta ce a ci lafiya, ba ta kallon fuskata. Na yi ƙoƙarin tura abincin da ƙarfi, ya ƙi wucewa. Har na yi tunanin in riƙa juyewa a leda in fitar, sai na ga wannan ya fi komai muni.

Asabar ta zo, na tafi wasa don ban san inda zan sa kaina ba. Na makara, kujera ɗaya ta rage a layin gaba, kusa da wata dattijuwa mai jiki, hannunta da jan lalle, ƙwarya lulluɓe a kan cinyarta. Wasan ranar na wani sabon kansila ne da dangi suka cika masa gida tun kafin a biya shi albashin farko. Ana cikin dariya sai aka shigo da tuwo a babban kwano, yana tururi, 'yan wasan suka zauna suka zagaye shi. Dama na lura babu wasan da suke yi da ba a cin abinci a ciki, ko labarin bai nema ba. Har na taɓa zama na yi dogon nazari a kan ma'anar hakan, na ce alama ce ta haɗin kan al'umma.

Dattijuwar ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ni na tuƙa shi."

"Na'am, Inna?"

"Tuwon can. Kin ga mai hular kansilan? Ɗana ne. Tun safe suke nan suna gwaji, ba wanda ya sa komai a cikinsa, shi ya sa suke saka cin tuwo a tsakiyar wasa. Abincin ranarsu ke nan." Ta miƙa wuya. "Kai, dubi wancan dogon, ya manta maganarsa saboda miya! Ci, ɗan nan, ci, maganar ta jira!"

Mutanen da ke kusa suka fashe da dariya. Dogon ya ɗaga mata hannu daga kan dandamali, bakinsa cike. Nazarina na haɗin kan al'umma ya bi iska.

Na lura ita ba wasan take kallo ba. Hannuwa take bi da ido, tana gyaɗa kai duk sa'ad da wani ya kai loma. "Wancan ba ya son kuɓewa, makon jiya ma gefe ya ci. Sai na yi musu taushe." Ta juyo gare ni. "Ni wasan nan ba gane shi nake ba, 'yata, surutu ya yi yawa. Tun ina yarinya nake girki, a ɗauka a kai wa maigida waje, kwano ya dawo mini. In ya dawo wayam in ce ya yi daɗi, in ya dawo da saura in kwana ina tunani. Nan kaɗai nake zama in ga ana cin abincina da idona. Ai ko ba su biya ni ba zan zo."

Ta yaye ƙyallen da ke kan ƙwaryarta. Ƙanzon tukunyar ne ta jiƙa, ta zuba masa mai da yaji. Ta ɗan turo shi wajena ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Bismillah."

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta. Amma sai na ga hannuna a cikin ƙwaryar.

Ta dubi hannun, ta dube ni, ta saki dariya har kafaɗunta suna rawa. "Ikon Allah! Yau na gamu da mai amsawa. Ke 'yar ina ce? Ci, ci, matso. Ga inda man ya taru."

Muka ci tare, a layin gaba, 'yan wasa suna ci a sama muna ci a ƙasa. Yatsunmu suna haɗuwa a cikin ƙwarya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ana tsakiyar wasan ban dariya. Ta ce, "Yajin ne, na cika hannu." Na ce e, yajin ne.

A mota, a hanyar komawa Gyaɗi-Gyaɗi, maganarta ce take ta juyawa a raina. Kwanon Kawu waje yake fita. 'Ya'ya sun tafi. Ni ce mutum ɗaya da ta rage a cikin gidan da Hajiya za ta iya gani tana cin abincinta, ni kuma ina bayan ƙofa, tirena yana koma mata a cike. Sai kuma wata tambaya ta zo mini wadda na ji kunyar ban taɓa yi wa kaina ba: ita Hajiya, a ina take ci? Da wa?

Bayan magariba ta yi sallama, ta ajiye tire, ta ce a ci lafiya, ta ja ƙofa. Na zauna ina kallonsa, gabana yana faɗuwa kamar wadda za ta hau dandamali. Da na ga in na ƙara jira ba zan iya ba, na ɗauke shi na fita.

Na same ta a bakin madafi, a kan kujera 'yar tsugunno, ta juya wa tsakar gida baya. 'Yar rediyo tana magana ƙasa-ƙasa a gefenta. Tuwon dawa ne da miyar kuka a ɗan kwanon silba a kan gwiwarta. Ni kuwa a tirena soyayyen dankali ne da ƙwai. Ashe girki biyu take yi kullum.

Ta gan ni ta yi sauri ta rufe kwanonta. "Lafiya, Malama? Wani abu ya faɗa ciki?"

"A'a, Hajiya."

"Gishiri ne?"

"Ba gishiri ba ne." Na ajiye tiren a gabanta. "Ni ban iya cin abinci ni kaɗai ba. Ban taɓa yi ba. Abincinki ba abin da ya yi, ƙamshinsa har ɗaki yake bi na. In na zauna ni ɗaya ne ba ya wucewa. Can kasuwar ma don akwai mutane ne."

Ta ɗago ta dube ni. Mai labarai a rediyo yana ta bayanin zaman majalisa.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kunya."

"Ni kuma na ce ke baƙuwa ce, mai ilimi, kada in zauna miki a ka da tuwona." Ta kalli tiren, ta kalli kwanonta. "Tun da auta ta tafi, nan nake ci. Wani lokacin a tsaye ma."

"Damina guda ta wuce, Hajiya. Har yanzu baƙuwa ce ni?"

Ta miƙe, ta shiga madafi, na ji tana motsa kwanuka a can ƙasa. Ta fito da wani babban faranti da ƙura ta hau, ta ɗauraye shi, ta juye tuwonta a ciki, ta ƙaro malmala daga tukunya, ta kwarara miya da man shanu. Ta shimfiɗa tabarma. Ta ɗauki cokalina da ke naɗe a ƙyalle ta ajiye shi can gefe.

"Wanke hannunki. Dankalin nan kuma gobe kawunki ya karya da shi, ya ga abin da nake sha."

Na ci tuwon nan kamar wadda ta dawo daga noma. Sai can na ɗaga kai na ga ita ba ta ci, ta tallafe haɓa tana kallona.

"Hajiya, ke ma ki ci mana."

"Ina ci. Ke dai ci gaba." Ta sa yatsa ta turo wata 'yar tsoka gabana. "Ashe haka kike da ci, ja'ira, kika bar ni ina ta yanka ganye kamar mai kiwon zomo."

Daga ranar ban sake jin ta ce mini Malama ba.

Da ƙarshen wata ya zo, Kawu ya leƙo tsakar gida ya same mu a kan tabarma, ya ce shugabar makaranta tana tambayar maganar ɗaki. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Wane ɗaki? Kai da kake kwasar kwanonka ka tafi wurin abokanka kuna gyara Najeriya, kai za ka raba ni da abokiyar cina? Ka ce mata an gode." Kawu ya gyara tabaransa, ya dube ni, ya dubi farantin da muka share, ya ce, "To, madalla," ya koma waje.

Ban daina yawona na Asabar ba. Na roƙi Hajiya ta bi ni wasa ko sau ɗaya, ta ce ita da girmanta ba za ta je ta zauna ana ihu a kanta ba. Dala kuwa ta ce shekara da shekaru tana ganinsa daga ƙasa, bai taɓa yi mata laifi ba. Sai dai in na dawo ta sa ni in ba ta labarin wasan tun daga farko, muna ci ina kwaikwayon muryoyi, tana cewa, "Shi kuma munafukin me ya ce?" In kawo mata gurasa a ƙunshe, ta ɗanɗana ta ce an cika ƙuli, ta cinye. Duk da haka ni kaɗai nake hawa mota, ni kaɗai nake tsayawa gaban jimina. Birnin bai zama nawa ba a wannan shekarar, ban kuma yi ƙawaye da yawa ba. Amma in na ga abu mai kyau, na san wadda zan kai wa shi da magariba.

Dattijuwar mai tuwo na ƙara ganinta 'yan lokuta, muna gaisawa, ta ce, "Ga mai amsawa!" Daga baya ƙungiyar ta watse, yawancinsu suka koma harkar finafinan bidiyo, aka daina wasa a zauren. Ban san sunanta ba, ban kuma taɓa gaya mata abin da ƙanzonta ya yi ba. Hajiya ma ta rasu 'yan shekaru bayan na yi aure, Allah ya jiƙanta da rahama. Da aka zo rabon kayanta, 'ya'yanta suka ce in ɗauki abin da nake so. Na ɗauki farantin.

In na tuna wannan daminar, abin da ke taɓa ni shi ne babu wanda ya yi wa wani mugunta. Ita tana girmama ni, ni ina jin nauyinta, bango ɗaya ne tsakaninmu, kowacce tana tura loma da ƙyar. Da wulaƙanci ne da na gane shi da wuri, da na yi kuka na faɗa wa mahaifiyata. Amma karamci ne, shi ya sa ya daɗe.

Yanzu ni ma 'ya'yana sun soma tashi, gidan yana ƙara faɗi. In baƙuwa ta sauka, ina kai mata tire kamar yadda aka saba, da ruwa da kofi da komai. Sai dai ba na jan ƙofa. Ina tsayawa a bakinta in ce, "In ba ki wuri, ko in kawo nawa?" Da yawa sukan ce a'a, kada in damu, kuma na san wasu da gaske suke. Amma ina duban fuska kafin in juya. Wani lokacin sai in ga an ɗan yi jim kafin a amsa. In na ga haka ba na sake tambaya, sai in je in ɗauko farantin Hajiya.